Jinjina ga Iyayen Gidan BSA da Triumph, Masu Riƙon Gado

Ranku ya daɗe, shugabannin kamfanonin babur na Ingila. Duniya ta yi muku rowar yabo, to yau ga shi na kawo muku har gida. A wajajen 1955 BSA na Birmingham yana sahun gaba wajen ƙera babura a doron ƙasa, kuma Triumph ma yana hannunsa tun 1951. Shekara ashirin bayan nan, ƙofar masana'antar BSA ta Small Heath a garƙame take. Ba kowane shugaba ne zai iya wannan aiki ba. Sai mai dauriya, mai iya toshe kunne, wanda ya rungumi gadon kakanni da hannu bibbiyu har numfashin gadon ya ɗauke.

Gadon kuwa na gaske ne, ba wanda zai musa. A 1937 Edward Turner ya zana Speed Twin, inji mai silinda biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, cc 500, mara nauyi, mai kyan gani, mai tashi kamar an tsikare shi. A lokacin sabon abu ne, kuma bayan yaƙi kusan kowane kamfani a Ingila sai da ya kwaikwaye shi. Turner na wancan zamani ɗan bidi'a ne, ya ga abin da ake yi ya ce bai isa ba. Ku kuwa kun fi shi ladabi. Kun ga abin da ya yi kun ce ya isa har abada. Da Amurkawa suka nemi ƙarin ƙarfi, sai aka buɗa injin zuwa 650 a 1949. A 1959 aka ƙara masa kafireta ta biyu aka raɗa masa suna Bonneville, don tunawa da filin gishirin Utah inda Johnny Allen ya zarce mil 214 a awa da injin Triumph a 1956. A 1973 aka sake buɗa shi zuwa 750. Shekara talatin da shida, zane ɗaya. Madalla da wannan amana.

Mahassada za su ce fistin biyun nan tare suke hawa tare suke sauka, don haka duk ƙarin girman da aka yi wa injin, ƙarin jijjiga ne. Gaskiya ne, amma wa ya ce jijjiga aibi ce? Ita ce ke kwance noti a kan hanya, ta kashe ƙwan fitila, ta tsaga ƙarfen lamba, ta sa hannun mahayi ya mutu kafin ya kai gari na gaba. Ta haka kuka mayar da kowane mai Bonneville bakanike ba tare da ya biya kuɗin koyo ba. Haka zancen baƙin mai. Kun raba kaskon injin biyu a tsaye, hagu da dama, haɗin ya ratsa ta ƙasa inda mai ke gangarowa. Mutanen Japan suka raba nasu a kwance, sama da ƙasa, garejinsu ya zauna fes. Naku kuwa sai an ajiye masa tire a ƙarƙashi ya kwana yana ɗiga, don kada mai gida ya manta yana da babur.

Ga kuma ibadar safiya. Mahayi ya buɗe famfon mai, ya danna ɗan maɓallin kafiretar Amal har fetur ya jiƙa masa yatsa, ya laluba kik a hankali ya gano inda fistin ya tsaya, sannan ya ɗaga jiki ya sauko da dukan nauyinsa. In ya yi sa'a injin ya amsa. In bai yi ba, kik ya dawo ya daki ƙwauri, ko kuma wayarin ɗin Lucas ya ce yau ba ya aiki. Honda tun 1958 yana da babur mai tashi da maɓalli. Kun kare jama'arku daga wannan lalaci.

Ba kuma a rashin sani kuka yi ba, nan ne girmanku ya fi fitowa. A 1954 Soichiro Honda ya je tsibirin Man ya kalli tseren TT, ya koma gida da sanyin jiki saboda nisan da ke tsakaninsa da Turai. A 1959 ya turo baburansa. A 1961 Honda ya kwashe matsayi biyar na farko a rukunin 125, ya kwashe biyar na farko a rukunin 250, kuma ɗanku ne na cikinku, Mike Hailwood, ya ci masa duka biyun. Tun kafin nan, a 1960, Turner da kansa ya je Japan ya zaga masana'antun Honda da Suzuki da Yamaha, ya ga injinan da ke ciki da yawan abin da suke fitarwa, ya rubuto rahoto. Mai raunin zuciya da ya firgita ya zuba kuɗi a sababbin injinan ƙira. Ku kuka natsu, kuka yi hisabi: ai 'yan Japan ƙananan babura suka iya, bari su koya wa yara hawa, in yaran sun girma su zo su sayi namu manya. Aka bar musu 50, aka bar musu 125, aka bar musu 250, har Honda ya fito da CB450 a 1965 ana nan ana kallo. Rabin wannan karamci ya iso har titunanmu, inda Honda da Suzuki da Yamaha suka cika gari, yaro ya tashi bai taɓa jin sunan BSA a jikin babur ba. Raina kama, in ji Bahaushe, ka ga gayya.

Wani zai ce ko ba ku da masu basira ne. Kuna da su, kuma riƙe su da kuka yi shi ne gwanintar da ta fi kowace. Bert Hopwood da Doug Hele sun haɗa inji mai silinda uku, cc 750, wanda a 1965 samfurinsa yana gudu a kan titi. Da an sake shi a lokacin, da ya riga kowa. Amma gaggawa aikin shaiɗan ce. Aka miƙa shi ga kamfanin zane na Ogle ya yi masa tanki mai kusurwa da salansa mai ban mamaki, wanda Amurkawa suka gani suka kau da kai. Sannan, don kada martabar gida biyu ta cakuɗe, aka ce na BSA, Rocket 3, ya sami firam nasa daban, a kuma karkata injinsa gaba, na Triumph, Trident, ya tsaya a miƙe. Babur ɗaya, kashe kuɗi biyu. Ya fito a 1968 da kik, da birkin ganga, da giya huɗu. A watan Oktoba na shekarar, a bajekolin Tokyo, Honda ya yaye mayafin CB750: silinda huɗu, birkin faifai a gaba, giya biyar, tashi da maɓalli, ba ya ɗiga, kuma dala 1,495 a Amurka, ƙasa da kuɗin naku. Trident da Rocket 3 gaba ɗaya ba su kai 30,000 ba. CB750 na farko ya haura 400,000. A 1972 Kawasaki ya ƙara da Z1 mai cc 903.

Kada a ce ba ku kashe kuɗi a kan ci gaba ba. Gidan da a zamanin shugabansa Sir Bernard Docker ya iya shafa wa motar Daimler ruwan zinariya ya lulluɓe kujerunta da fatar jakin dawa, ai ba matsiyacin gida ba ne. Kun kama katafaren gidan sarauta na Umberslade Hall kun cika shi da ɗaruruwan masu zane, da yawansu daga masana'antar jirgin sama, nesa da ƙaurin mai da surutun maƙera. Suka haifo Ariel 3 a 1970, ɗan babur mai ƙafa uku da kasuwa ta ƙi. Suka haifo sabon firam na 1971 mai ajiye baƙin mai a cikin bututunsa, wanda da ya isa masana'antar Triumph ta Meriden aka tarar injin ba ya shiga sai an yi gyara, sirdinsa kuma ya yi tsawon da matsakaicin mutum sai ya yi ɗage. Kafin a warware, lokacin cinikin Amurka ya wuce, BSA ya tafka asarar miliyoyin fam a shekara guda. Rahoton da Boston Consulting Group ya rubuta wa gwamnati a 1975 ya auna nasararku da lamba: rabon Ingila a kasuwar manyan babura ta Amurka ya sauko daga kashi 49 cikin ɗari zuwa kashi 9 a 1973.

Su kuwa ma'aikatanku, marasa tarbiyya, sun ƙi su mutu cikin mutunci. Da ɗan abin da aka ba su, Hele da yaransa suka ci gaba da kunyata ku a filin tsere. Dick Mann, wanda ya ci Daytona 200 a kan Honda a 1970, ya dawo ya ci a kan BSA mai silinda uku a 1971. Trident ɗin nan da ake kira Slippery Sam ya ci rukuninsa a TT sau biyar a jere, daga 1971 zuwa 1975. Wato hannun yana nan, ƙwaƙwalwar tana nan, abin da babu shi ne wanda zai sa hannu a takardar kuɗi. A watan Satumba na 1973 Dennis Poore, shugaban sabon haɗin Norton Villiers Triumph, ya je Meriden ya sanar da rufe masana'antar. Mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a gaban tsofaffin injinan da kuka ƙi canzawa suka sa sarƙa a ƙofa, suka zauna gadi wata goma sha takwas, cikin sanyi da ruwa, ba albashi. A 1975 suka karɓi wurin a matsayin ƙungiyar ma'aikata da taimakon minista Tony Benn, suka ci gaba da ƙera Bonneville, domin shi kaɗai kuka bar musu. Suka ja har 1983. Magidanta ne masu 'ya'ya, kuma su ne suka biya kuɗin gadon da kuka riƙe. Ku ba a taɓa ganinku a bakin ƙofar nan da tsakar dare ba, kun san darajar kanku.

Sai ga John Bloor, maginin gidaje, wanda bai gaji komai a harkar ba, ya sayi sunan Triumph a 1983 ya aikata duk abin da kuka tsare gidan daga gare shi. Ya tura injiniyoyi Japan su koyo aiki, ya gina sabuwar masana'anta a Hinckley, ya fito a bajekolin Cologne na 1990 da injina masu silinda uku da huɗu, masu sanyaya da ruwa. Bonneville ma ya dawo da shi, amma ya sa masa abin kashe jijjiga a ciki, ya hana shi ɗiga. Tun 2019 kuma, kowane babur da ke tsere a rukunin Moto2 na gasar duniya da injin Triumph yake gudu, cc 765, silinda uku, irin lissafin da Hopwood da Hele suka kawo muku kuka ce su dakata tukuna.