Masu Littafi a Ka

Tun da aka buɗe layin dogon Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, zauren jira na tashar Idu ya zame mini wurin kallon marubutan da ba su rubuta komai ba. Daga nesa nake gane su, don ni ma ɗan gida ne.

Ga Malam Mai-Shiri can, rungume da jakar fata. Sabuwar kwamfuta, biro uku, littafin rubutu mai bango kamar na rajistar aure. Shekara huɗu ke nan yana shiri. Ya raɗa wa littafin suna, ya zaɓi babban mai ƙaddamarwa, har ya san waɗanda ba zai gayyata ba. Babi na ɗaya kawai ya rage masa, da sauran babukan.

Na kusa da shi ilhama yake jira. Da bazara zafi ya hana, da hunturu yatsu sun ƙage, da azumi kuwa sai bayan Sallah, bai dai faɗi wace Sallar ba. Na taɓa tuna masa cewa a 1936 wata shida Abubakar Imam ya yi a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Malam, lokacinsu akwai WhatsApp?"

Hajiya Mai-Bincike ta shiga Facebook ne don ta gano farashin akwatin lefe saboda jarumarta, sai ga ta tana raba faɗan wasu kishiyoyi da ba ta sani ba. Tun 2016 take shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, a zuci.

Wanda na fi tsoro shi ne mai fim a baki. Ba ya rubutawa, wai kada 'yan Kannywood su sace. Amma Allah ya haɗa ku kujera, to daga Idu har Rigasa, kilomita 186, sai ka sha labarin kaf, har da waƙoƙin. Kafin a kai Kubwa an haifi jarumi, a Jere ya yi aure, a Rijana uwar miji ta shigo. Rabin taragon sun haddace shi, takarda ce kaɗai ba ta ji ba.

Da an yi sanarwar shiga jirgi kuwa, duk sai su zabura, ba mai ce wa jirgi sai gobe. A cikin turmutsutsun na hango wata budurwa tana tafe tana danna waya da manyan yatsu biyu. Masu karatunta sun biya kuɗin shafi, sun ce in ba su ga ci gaba kafin isha'i ba, a maido musu abinsu. Ita ba ta ma san ana jiran ilhama ba.

Editana ya kira ni sau uku kan wannan rubutun. Na tura masa saƙo cewa muna dajin Rijana, babu sabis. Ko tashi daga Idu ba mu yi ba.