Mai Bin Rana

A unguwar Shisha, nan bakin Mina, babu mai shiri da rana. Da hantsi ya dubi ludayi, kowa ya kama gabansa. Alhaji ya buɗe lema. Hajiya ta raɓa jikin bango. Kyanwa ma ta shige ƙarƙashin mota, ba ta fitowa sai la'asar sakaliya. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, saboda haka ban ga laifin kyanwar ba.

Sai ga shi a ƙasar nan tasu an ƙera wa rana mabiya. Faranti ne na sola, an ɗora shi a kan doguwar sanda mai ɗan inji. Da safe ya kalli gabas. Rana ta gusa, ya gusa. Ta tsaya tsaka, ya kwanta rigingine yana kallonta, ko ƙiftawa babu. A Sakaka, can arewacin Saudiyya, akwai gona guda ta irinsu mai ba da megawat 300.

Ladabin ba na banza ba ne. Ya fi farantin da aka kafe wuri ɗaya tara wuta. Wutar kuma a kunna na'urar sanyaya ɗaki, mu ɓuya wa ranar.

Halinsa na dare ne ya tsaya mini a rai. Rana na faɗuwa, ba ta'aziyya, ba zaman makoki. Sai ya juya gabas abinsa, yana jiran mai fitowa.

Wallahi kamar na san shi a gida. In an tashi zaɓe, a ba shi fom.