Soket Mai Wayo Ya Iso Doka

Wai an ƙera soket mai wayo. Da ka kashe kwamfuta, sai ya yanke wa firinta da sifika wuta, don kada su kwana suna lasar wat ɗaya ko biyu a banza. Turawa ba sa wasa da lasar nan: tun 2013 Tarayyar Turai ta ƙayyade wa yawancin na'urori rabin wat.

Madalla. Sai dai a Doka, kan hanyar Gadarif zuwa Gallabat, wutar gari ta riga shi ƙwarewa. Ba ta jiran a kashe kwamfuta. Ita ke kashe ta, ta haɗa da fanka da firij, ta bar takardar cinikin riɗin Alhaji rabi a bakin firinta. Kuma kyauta take wannan hidima.

Mai niyyar sayen soket ɗin, ya fara tambayar kuɗin sola.