Ladubban Hawan Keke a Kan Fararen Hanyoyin Tuskani

A lardin Siyena na yankin Tuskani, a tsakiyar ƙasar Italiya, akwai hanyoyin karkara da ba a taɓa shimfiɗa musu kwalta ba, waɗanda mutanen wurin ke kira strade bianche, wato fararen hanyoyi, saboda niƙaƙƙen farin dutse da ake zuba musu a daddaɓe. Sun taso ne daga tuddan Kiyanti masu gonakin inabi da zaitun, suka ratsa tuddan yumɓu na Crete Senesi a kudancin birnin Siyena, suka gangara kwarin Orcia, inda dutsen Amiata mai tsawon mita 1,738 yake tsaye daga kudu. Bin irin waɗannan hanyoyi da keke don nishaɗi shi ake kira hawan tsakuwa, kuma duk mutumin karkara da ya saba ɗora buhun masara a bayan kekensa ya bi hanyar burji zuwa kasuwa yana da haƙƙin ya yi murmushi idan ya ji cewa akwai masu biyan kuɗin jirgi don su sha irin wannan ƙurar. Murmushin nasa yana kan hanya, domin ya riga su sanin babban darasin, cewa tsakuwa ba a cinta da ƙarfi, sai da sassauci.

Shirun da ake nema a waɗannan hanyoyi yana da tarihi. Shekaru aru-aru manoman Tuskani suna noma a ƙarƙashin tsarin mezzadria, inda mai ƙasa da manomi ke raba amfanin gona, har zuwa 1964 da doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Iyalai da yawa suka bar gidajen gona suka tafi aikin masana'antu a birane, hanyoyin suka rasa masu bi, makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka zauna a wasu wuraren. A 1997 wani mai suna Giancarlo Brocci ya shirya wani hawa a garin Gaiole na Kiyanti da ya sa wa suna L'Eroica, mahaya 92 suka halarta, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce a hana kwalta cinye abin da ya rage na fararen hanyoyi. Daga wannan hawa ne tseren ƙwararru ya samo asali a 2007, wanda yanzu ake kira Strade Bianche, ake kammala shi a dandalin Campo na Siyena. Hanyar L'Eroica mai kilomita 209 tana da alluna duk shekara, kowa na iya binta a kwana ɗaya ko a kwana uku gwargwadon abin da gwiwarsa ta amince da shi.

Ladabi na farko ya shafi iskar taya, kuma shi ne wanda sabon shiga ya fi jinkirin yarda da shi. Hankalinsa yakan ba shi cewa gwargwadon yadda taya ta cika tam gwargwadon gudun keke, don haka zai dage kan famfo yana bugawa har gumi ya keto masa, ya latsa tayar da babban yatsa, ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. A kan tsakuwa wannan gamsuwar ba ta wuce kilomita biyu, domin taya mai tauri ba ta lanƙwasawa ta rungumi dutse, tsalle take yi a kansa, kuma kowane tsalle yana bi ta sirdi da kan keke ya isa haƙora, ya cinye ƙarfin da ya kamata ya tura keken gaba. Keken tsakuwa na zamani yana da taya mai faɗin milimita 40 zuwa 50, kuma mutum mai matsakaicin nauyi yakan wadatu da iskar da ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba (bar shi ne ma'aunin matsin iska da ke jikin agogon famfo), wato ƙasa da rabin abin da ake bugawa siririyar tayar kwalta. Sassaucin ma yana da iyaka, domin idan iska ta yi kaɗan ƙarfen taya zai matse robar ciki a kan dutse ya yi mata huda biyu a jere. Saboda haka ne yawancin mahaya suka koma tayar da ba ta da robar ciki, wadda ake ɗura wa wani farin ruwan roba da ke toshe ƙaramar huda da kansa yayin da tayar ke juyawa. Duk da haka mai hankali ba ya fita ba tare da robar ciki ɗaya da famfo da kayan faci a jakarsa ba, domin a tsakanin garuruwan Asciano da Buonconvento ba a samun mai faci a gindin bishiya, mahayi shi ne mai facin kansa.

Bayan taya sai hannu. Idan gangara ta zo kuma hanya ta yi gargada, wato ƙananan tudu da kwari a jere da tayoyin motoci ke bari, jiki yakan ba da shawarar a damƙe kan keke da iya ƙarfi, a sandare kafaɗu, a zuba wa dutsen da ake tsoro ido. Duk shawarwarin nan uku a yi watsi da su. Keke yana bin inda ido ya kalla, don haka wanda ya ƙura wa rami ido ya riga ya yi alkawarin ziyartarsa. Abin da ya dace shi ne a kalli sarari mai kyau da ke gaba, a saki gwiwar hannu ta lanƙwashe, a ɗan ɗaga jiki daga sirdi a mayar da nauyi baya, a bar keken ya yi 'yar rawarsa a ƙarƙashi, domin yawanci ya fi mai shi sanin yadda zai daidaita. Birki kuwa ana gama shi ne kafin a shiga kwana, yayin da keke yake miƙe, domin wanda ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana a kan sakakkiyar tsakuwa zai ga tayar gaba ta zame, kuma zai san ɗanɗanon ƙasar Tuskani kafin ya ɗanɗana abincinta. Hular kwano ba ta cikin abubuwan da ake muhawara a kansu.

Hawan tudu yana da tasa ƙa'idar, wadda ta saɓa wa abin da ake gani a tseren kwalta. Wanda ya miƙe tsaye a kan feda ya ɗauke nauyinsa daga tayar baya, sai ta riƙa juyawa a banza tana watsa tsakuwa, keke kuma ya tsaya cak. Dole ne a zauna daram a sirdi, a sauko zuwa giya mafi sauƙi tun kafin tudun ya yi tsanani, a riƙa juya feda a hankali ba tare da fizga ba. Wurin gwajin wannan ilmi shi ne Monte Sante Marie kusa da Asciano, zango mai kilomita 11.5 na hawa da gangara da ba sa ba mutum damar numfasawa, wanda aka sa wa sunan Fabian Cancellara bayan ya ci tseren Strade Bianche a 2008 da 2012 da 2016, kuma a nan ne Tadej Pogačar ya tsere wa kowa a 2024 alhali saura kilomita 81 a gama. Mahayin da ba ya cin abinci da keke ya kamata ya riƙe waɗannan sunaye don tarihi kawai. Idan tudun ya fi ƙarfinsa ya sauka ya tura, kuma turin keke a nan ba abin kunya ba ne, al'ada ce da dubban mahayan L'Eroica ke rayawa kowace shekara. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mai turi ne kaɗai ke samun sukunin juyowa ya ga tuddan yumɓu sun bazu har ƙarshen gani, da layin dogayen bishiyoyin saifires a kan kowane tudu.

Batun ciki ba ya buƙatar dogon bayani, amma yana buƙatar agogo. Yawancin shagunan ƙauyukan Tuskani suna rufewa da azahar ba sa buɗewa sai wajen la'asar, kuma wanda ya isa gari da ƙarfe biyu da yunwa zai tarar da ƙofofi a rufe da kyanwa a kwance a dandali. A cika gorar ruwa a famfon kowane gari, sai dai in an rubuta non potabile a jikinsa, ma'ana ba na sha ba ne. A ranar L'Eroica, farkon watan Oktoba, ana ba mahaya ribollita a wuraren hutu, wato miyar wake da ganyen kabeji da busasshen burodi da aka sake tafasawa, kuma hikimar ita ce a ci kwano ɗaya a tashi, domin kwano na biyu yakan biyo mutum har saman tudu na gaba yana tuna masa da kansa. Ana kuma miƙa barasar inabi ta yankin, wadda ƙin karɓarta ba ya ɓata wa kowa rai, kuma gangara ta fi son mai idanu garau.

Ladabin da ya fi kowanne nauyi shi ne sanin cewa hanyar tana da masu ita. Tarakta da motar manomi da garken tumaki sun riga keke zuwa, don haka a riƙe hannun dama kamar yadda dokar Italiya ta tanada, musamman a kwanar da ba a ganin gabanta, a gaishe da duk wanda aka tarar, kada a tsinki inabin gonar kowa. Tare da tumakin akwai farin karen kiwo da ake kira Maremmano, babba mai yawan gashi, wanda aikinsa tsare garke daga kyarkeci, kuma ba a sanar da shi cewa mai matsattsen wando da hular kwano baƙon alheri ne ba. Gudu yana ƙara masa himma, musamman a hawa inda ya fi kowane mahayi sauri. Abin yi shi ne a rage gudu tun daga nesa, a sauka, a sa keken tsakanin jiki da karen, a yi magana cikin natsuwa, a kewaye garken ba tare da ratsa shi ba. Da zarar ya tabbatar ba tunkiya aka zo ɗauka ba zai koma bakin aikinsa. Daga kaka zuwa hunturu kuma lokacin farautar aladen daji ne, don haka riga mai haske da tsayawa a kan hanyar da aka sani suna da amfani.

Game da yanayi, bazara da kaka sun fi dacewa, domin a Yuli da Agusta tuddan Crete ba su da inuwa, kuma motar da ta wuce takan bar mahayi fari fat daga gira zuwa takalmi kamar mai injin niƙa. Idan aka yi ruwa ƙurar ta zama laka mai danƙo, kuma wanda ya kauce daga tsakuwa ya shiga hanyar yumɓu zai ga lakar ta taru tsakanin taya da ƙarfen keke har tayar ta ƙi juyawa, sai a nemi tsinke a riƙa sakace ta kowane taku ɗari. Mai niyyar shiga L'Eroica kanta ya sani cewa ba a karɓar keken zamani. Ana buƙatar keken tsere irin na 1987 zuwa baya, mai sandunan canja giya a jikin ƙarfen keke da feda mai maɗaurin ƙafa, kuma masu doguwar hanya suna tashi ne tun da duhun asuba da fitila. Ko wane keke aka hau, da an sauka a wanke sarƙa a shanya ta a sa mata mai kaɗan a goge ragowar da tsumma, domin farar ƙurar nan garin dutse ce, idan ta haɗu da mai sai ta riƙa cin haƙoran giya a hankali, kuma sabuwar sarƙa ta fi sabon jerin giya araha nesa ba kusa ba.