Horon Aiki a Jabal Awliya

Horon aiki shi ne lokacin da sabon mai digiri ke gano cewa takardarsa ba ta san hanyar ofis ba. A Sudan, likita kan yi shekarar horo a asibiti, wadda ake kira imtiyaz, masu digiri kuma su yi hidimar ƙasa. A Jabal Awliya, kudu da Khartoum, inda madatsar ruwa ta tare Farin Nilu tun 1937, ɗalibin kiwon kifi da ya zauna da masunta yakan koyi abin da malami bai faɗa ba: kifi ba ya jiran sa hannun shugaban sashe, ruɓewarsa yake yi.

Bayan horon kuwa, kurakuran neman aiki sanannu ne. Wani yakan cika shafi biyar da tarihin aikinsa alhali bai taɓa aiki ba. Wani ya rubuta ƙwararre ne a kwamfuta, hujjarsa Facebook. Mafi yawa dai masu jiran hanya ne: tun safe suna kan ƴar kujera wurin mai shayi, kofi na uku bashi, suna sauraron kiran kawun da ya san wani babba a Omdurman. Kawun ma nasa kawun yake jira.