Mutanen Baƙin Allo

Hanya mafi sauƙi ta haɗa masu rubuta manhaja faɗa ita ce ka leƙa allon ɗayansu ka ce, "Wai har yanzu da wannan taminal kake aiki?" Sai ka ja kujera ka sha kallo.

Taminal dai ita ce tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Asalinta na'ura ce mai zaman kanta, allo da kibod, irin VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, mai ɗaukar layi 24, kowane layi harafi 80. Na'urar ta daɗe da kwanta dama, sai manhajojin da ke kwaikwayonta suka rage, kuma wajen zaɓen gwanar kwaikwayon ne halin kowa ke fita fili.

Dattijon gida shi ne mai xterm. Tun 1984 take nan, ta girmi yawancin masu yi mata dariya. Allonsa fari fat, haruffan kamar ƙwayar gero, saitinsa kuwa yana cikin wani fayil da ya gada daga kwamfutoci huɗu da suka riga mu gidan gaskiya. Ka nuna masa sabuwar taminal mai buɗe hoto a tsakiyar rubutu, ko ɗago kai ba zai yi ba, sai dai ya ce, "Yaro, xterm ma tana yi, in ka san inda za ka taɓa." Abin haushin, yawanci gaskiya ya faɗa.

Kusa da shi Sarkin Gudu ne, almajirin Alacritty, wadda Joe Wilm ya fito da ita a 2017, an rubuta ta da harshen Rust, kuma katin hoto ne ke zana haruffanta. Kafin ka gama sallama ya zubo maka wani ƙaton fayil a allo, rubutu na kwarara kamar ruwan Agusta, yana tambaya, "Ka ga gudu?" Na gani. Na kuma ga da yatsu biyu yake buga kibod, yana laluben harafin q. Dokin sukuwa ya saya, ya ɗaure masa kurar ruwa. In ka tambaye shi ina shafuka, zai ce da gangan aka ƙi sa su, aikin tmux ne wannan, ya miƙa ka wurin ƙaninsa.

Ƙanin nan ya yanka allonsa gida takwas kamar gonar gado, kowane yanki bai isa a shuka layi biyar ba. Yatsunsa sun saba da Ctrl da b, mabuɗin ba tmux umarni, har ko wasiƙa yake rubutawa sai ya danna su. Wasu 'yan ɗariƙar tasu kuma sun mayar da shi Ctrl da a, don girmama GNU Screen, kakarsu ta 1987. Amma shi ba na yi masa dariya sosai. Idan netwok ya ɗauke ba sallama, aikin da ya bari cikin tmux a kan saba, wato kwamfutar da yake shiga daga nesa, yana nan yana tafiya, ya dawo ya tarar da shi inda ya kai. Mu da muka yi asarar aikin awa biyu saboda hadari ya taso mun san darajar wannan.

Sai Ɗan Gaye, wanda a kansa nake son in ɗan daɗe, don na taɓa zama shi. Taminal ɗinsa ɗakin amarya ce ranar jere. Makon jiya launukan Gruvbox ne, wannan makon Catppuccin, Dracula kuwa ta zama tsohon yayi. Ya sa zubin haruffan Fira Code don alamomi biyu su riƙa narkewa su zama ɗaya, ya ƙara Nerd Fonts don kowane fayil ya zo da ɗan tambarinsa. Bangon tagar shara-shara ne, kana hango hoton dutsen Japan ta bayan rubutu, rubutun kuma ba ya karantuwa. Layin da yake rubuta umarni a kai yana gaya masa ƙarfe nawa, saura nawa a batir, wane reshen git yake, har sai ya ɗan jira kafin layin ya gama shiryawa ya fito. WezTerm ce ta ƙarasa shi, domin saitinta da harshen Lua ake rubutawa, wato saitin ma manhaja ne, ana iya kwana uku a kai ana jin kamar aiki ake yi. Ka roƙe shi ya nuna maka tarihin umarnin da ya buga yau: ls, clear, neofetch, clear, ls. Hoton allon dai ya riga ya tura wa abokai.

Mai auri-saki ya fi shi wahala. Ya fara da Hyper, ya sake ta wai cin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi mata yawa. Ya ɗauko kitty ta Kovid Goyal, mutumin da ya yi calibre, ya rantse wannan kam mutu-ka-raba. Wata biyu sai ga shi da Warp, wai ita har shawara take ba shi. Da Mitchell Hashimoto ya saki Ghostty a Disambar 2024, a daren ya kai kuɗin gaisuwa. Yanzu na ji ana maganar kome da kitty, ka san tsohuwar zuma. Fayilolin saitin duk matan nan suna jibge a kwamfutarsa kamar akwatunan lefen da ba a mayar ba.

Maƙeri kuwa st yake amfani da ita, ta 'yan suckless. Ko launi zai canza sai ya buɗe config.h ya sake harhaɗa manhajar, komawa sama a duba abin da ya wuce ma sai ya yi mata faci. Mutum ne mai fafe sabon ludayi duk lokacin da aka dama fura.

A kusurwar ofis akwai Oga mai PuTTY, wadda Simon Tatham ya fitar a 1999. Microsoft ta kawo Windows Terminal tun 2019, labarin bai iso teburinsa ba. Jerin sabobinsa: saba1, saba1-sabuwa, saba1-sabuwa-ta-gaske, kar-a-taɓa. A PuTTY danna hannun dama na linzami yana liƙa duk abin da aka kwafa, shi ya sa wata rana ya aika wa saba saƙon ban-haƙuri da ya shirya wa uwargida, sabar ta amsa masa layi-layi cewa ba ta san wannan umarni ba.

Duk wannan hayaniyar, akwai wata baiwar Allah a bakin taga da ta gama aikin ranar tun kafin azahar. Na taɓa tambayarta wace taminal ce tata. Ta ce, "Wadda na tarar a ciki mana. Suna gare ta?"

Ni nawa ciwon daban ne. Duk taminal da aka yaba mini, ƙaiƙayi da ɗanɗano da ɓarawo nake fara rubuta mata, in ga ko za ta fito da lanƙwasar haruffan ko za ta jera mini akwatuna. In ta ci wannan, sai in zuba mata ajami. Konsole da GNOME Terminal da mlterm sun san rubutun da ke farawa daga dama, amma da yawa cikin sababbin masu gudu sai su jero haruffan daga hagu, kowanne a ware, ba mai riƙe da hannun ɗan'uwansa. Kwanaki Sarkin Gudu ya kira ni in gwada wata sabuwa da ya samo. Na liƙa mata layi uku na ajami, suka fito a wargaje, ko malamin allo ba zai karanta ba. Ya ƙura wa allon ido, ya jinjina kai, ya ce, "Amma ka ga saurin da ta ɓata shi?"