Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Shuɗi, Mahaɗin da ke Zaune a Gidan Excel

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, don mu yi magana kan matsayin da ka ɗauka a jadawalin ofisoshi, wato matsayin shaida. Tun zamanin Excel 97 kake cikinmu, kuma shigarka ba wuya: a danna Ctrl da K, a liƙa adireshi, sai ga ka cikin shuɗiyar riga da zane a ƙasa, kana cewa "latsa nan ka ga rasit". Ƙorafina guda ne. Kai ɗan nuni ne kawai, amma ana biyanka albashin shaida.

Ɗauki jadawalin wata ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Argungu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamban 2015, irin wannan jeri ya zama abincin yau da kullum: suna, faɗin gona, buhunan taki, sannan gida na ƙarshe inda kake zaune da sunan hoton rasit. A kwamfutar sakatare kana aiki lafiya lau, domin hoton na nan a folda kusa da kai. Amma jadawali a ƙasar nan ba ya zama wuri ɗaya. A filash yake tafiya, ko a tura shi ta WhatsApp, ko a kai shi shagon buga takardu. Kai ka bi shi, hoton ya tsaya gida. Mai bincike ya latsa ka, sai ka ce ba za a iya buɗe fayil ɗin ba. Idan kuwa an buga a takarda, magana ta ƙare, don ba a taɓa jin wanda ya danna tawada da yatsa ta buɗe ba. A Matan Fada ta Argungu, inda ake gasar kamun kifi tun 1934, masuncin da ya fito da homa da gora ya ce giwan ruwansa na can ƙarƙashin ruwa ba ya samun ko sisi. Sai an ɗora kifi a sikeli jama'a na kallo.

Na san amsarka. Za ka ce laifin masu amfani da kai ne, su ajiye takardu a Google Drive ko OneDrive, adireshi ba zai ɓata ba. To, wannan ya rage ciwo, bai warkar ba. Yanzu sai da data, sai da sabis, sai kuma mai folda ya ba da izini, kuma sau da yawa mai foldar ɗan bautar ƙasa ne da ya gama shekararsa ya koma garinsu da kalmar sirrin a kansa. Za ka kuma ce kana da amfani a cikin gida, kana kai mutum daga shafin farko zuwa na ashirin ba tare da intanet ba. Wannan gaskiya ne, kuma na yaba. Sai dai ranar da wani ya canza sunan shafin, daga "Janairu" zuwa "Janairu sabo", a nan ma kake ɓata hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka da kunya. Maƙwabtanka a jadawali sun fi ka gaskiya: idan aka cire gidan da wani lissafi ya dogara da shi, nan take lissafin zai ɗaga tutar #REF! kowa ya san akwai matsala. Kai kuwa da ranka da gawarka duk riga ɗaya kuke sawa. Ƙari a kan haka, sunan da kake nunawa daban, inda kake kai mutum daban, har ma'aikacin da ya ga an rubuta sunan bankinsa zai iya tsintar kansa a shafin 'yan damfara. Ga kuma shisshigi: mutum ya rubuta adireshin imel a gida, ba wanda ya gayyace ka, ka tsuguna a kai; ya zo gyara harafi ɗaya, ka ja shi waje, sai ya koyi dannewa da linzami ya riƙe kafin ka bari ya taɓa gidansa. An ce shafi ɗaya na ɗaukar irinka har 65,530. Allah ya kiyashe mu da ganin wannan rana.

Buƙatata ba ta da yawa. Ka roƙi iyayen gidanka a Microsoft su ɗinka maka jar riga ta ranar da ka mutu. Kafin su amsa, sakatarori su rubuta lambar rasit da kwanan wata a gidan da ke gefenka, kai kuma ka zauna a matsayin ɗan rakiya.

Naka,
Wani mai duba lissafi, Nasarawa, Birnin Kebbi